Sauye-sauyen da Magani da Ormon ke Kawowa a Jikin Mai Sauyin Jinsi

Taƙaitawa

Wannan takarda tana bayanin abin da ke faruwa a jikin baligi idan likita ya ɗora shi a kan ormon na ɗaya jinsin. Mun nuna cewa sauye-sauyen sun kasu uku: waɗanda ke komawa idan an bar magani, waɗanda ke zama dindindin, da waɗanda magani ba ya kawo su ko kaɗan. Mun kuma gabatar da kalmomin Hausa da za a iya koyar da wannan darasi da su.

0. Gabatarwa

A ƴan shekarun nan batun sauyin jinsi ya shigo kunnen Hausawa ta gidajen rediyon ƙasashen waje da wayar salula, kuma galibi da gardama yake zuwa. Bayanin abin da ke faruwa a jiki kuwa ba ya biyo shi. Saboda haka ne ake jin zato iri biyu, dukkansu kuskure. Na farko shi ne ƙwaya ko allura tana juya mutum gaba ɗaya, daga ƙashi har murya, cikin ƴan watanni. Na biyu shi ne abin kamar lalle ne, in an ƙyale shi ya goge, jiki ya koma yadda yake.

Manufarmu a nan ita ce mu bayyana aikin jiki kamar yadda likitocin fannin suka tabbatar da shi. Hukuncin addini da na shari'a da na al'ada yana da masanansa da wuraren tattauna shi. Amma duk matsayin da mutum ya ɗauka, malamin da ke horar da ma'aikatan lafiya, da mai fassara, da ɗan jarida, suna bukatar su san abin da suke magana a kansa. Mun taƙaita bayanin a kan manya waɗanda suka gama balaga. Batun yara daban ne, kuma likitoci sun yi saɓani a kansa, har ma a 2024 hukumar lafiya ta Ingila ta daina ba yara magungunan dakatar da balaga a matsayin magani na yau da kullum.

1. Kalmomin aiki

1.1. Ormon wani sinadari ne da wata gaɓa ke zubawa cikin jini, jinin ya kai shi ga wata gaɓa mai nisa, ya sa ta aiki. Masanin Ingila Ernest Starling ne ya fito da kalmar a 1905, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar zugawa ko tayarwa. Mun rubuta ta bisa lafazin Faransanci da aka saba da shi a asibitocinmu. A Nijeriya an fi cewa homon. Biyu ne suka shafe mu a nan: testosteron, wanda maraina ke samarwa da yawa, da estiradiyol, babba a dangin estirojen, wanda gidan ƙwan mace ke samarwa.

1.2. Mai sauyin jinsi shi ne mutumin da jinsin da yake jin kansa a ciki bai dace da wanda aka haife shi da shi ba, har ya ɗauki matakin rayuwa a ɗayan. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundinta na 11 na rabe-raben cututtuka, wanda aka amince da shi a 2019 ya kuma fara aiki a 2022, ta fitar da wannan hali daga babin taɓin hankali ta mai da shi babin lafiyar jima'i. Maganin da ake ba wanda aka haifa mace za mu kira shi mazantarwa, wanda ake ba wanda aka haifa namiji kuma matantarwa.

1.3. Wajibi ne a raba wannan da kalmomi biyu da Hausa ta daɗe da su. Mata-maza shi ne wanda aka haifa da al'aurar da ba ta fito sosai ta namiji ko ta mace ba. Wannan halitta ce tun daga ciki, kuma littattafan fiƙihu sun yi magana a kanta. Ɗan daudu kuwa suna ne da ya shafi ɗabi'a da salon magana da sana'a, ba ya nuna cewa mutum yana shan wani magani. Mai fassara da ya haɗa ukun nan a kalma guda zai ɓatar da mai sauraronsa.

2. Yadda ormon ke aiki

Kowane ɗan Adam yana da ormon ɗin nan biyu a jininsa, bambancin yawa ne. Jikin namiji ma yana juya wani kaso na testosteron ya zama estiradiyol. Bugu da ƙari, fata da tushen gashi da tsoka da kitse da nono da maƙogwaro duk suna da makarɓar saƙon ormon ɗin biyu, a jikin mace da na namiji. Wannan shi ne tushen maganin: gaɓa ba ta tambayar inda ormon ya fito, wanda ya fi yawa a jini shi take bi.

Bahaushe makiyayi ya san rabin wannan ilimi tun kafin a ba shi suna. Bunsurun da aka dandaƙe ya zama taure warinsa yana raguwa, faɗansa ya ragu, ya yi kitse. Haka nan tarihin babanni a fadojin sarakunan da ya nuna wani abu mai muhimmanci: wanda aka yi ma tun yana yaro ba ya yin gemu, muryarsa ba ta buɗewa, wanda aka yi ma bayan ya balaga kuwa muryarsa tana nan yadda take. Ke nan akwai abin da ormon ke riƙe da shi kullum, wanda ke gushewa in ya gushe, akwai kuma abin da ya gina sau ɗaya ya wuce.

An tace testosteron an kuma haɗa shi a ɗakin bincike a 1935. A farkon shekarun 1950 likita Christian Hamburger ya ba Christine Jorgensen ormon na mata a Kwapanhagan, labarin da jaridun duniya suka yayata a 1952. Daga shekarun 1970 asibitin wata jami'a ta Amsterdam ya riƙa bin dubban mutane na tsawon shekaru, kuma daga can ne alƙaluman fannin da dama suka fito. Wa'adin da za mu kawo a sashe na 3 da na 4 mun ɗauko shi ne daga jagorar da ƙungiyar likitocin ormon ta Amurka, Endocrine Society, ta fitar a 2009 ta kuma sabunta a 2017. Matsakaicin lokaci ne, domin gado da shekaru suna sa wani ya riga wani. Abin da za a riƙe shi ne maganin balaga ce ta biyu, kuma balaga shekaru take ɗauka.

3. Mazantarwa

Testosteron kaɗai ake bayarwa, ta allura ko ta man shafawa, har ya kai yawan da ake samu a jinin namiji. Shi da kansa yake danne aikin gidan ƙwai.

3.1. Wata 1 zuwa 6. Fata tana ƙara maiƙo, ƙurajen fuska su fito kamar na matashi, warin gumi ya sauya. Haila tana ɗaukewa. Ɗan-tsaka yana girma, ya kai iyakarsa cikin shekara 1 zuwa 2. Fatar cikin farji tana yin siriri da bushewa, abin da kan jawo zafi ko ɗan zubar jini. Kitse yana fara barin cinya da ƙugu yana taruwa a ciki, aikin da ke ɗaukar shekara 2 zuwa 5. Sha'awa takan ƙaru.

3.2. Wata 6 zuwa 12. Murya tana kauri. Dalili shi ne testosteron yana ƙara ma tantanin maƙwallato kauri, sai karkarwarsa ta ragu. A matsakaici tantanin mace yana karkarwa wajen sau 210 a sakan guda, na namiji wajen sau 120. Ga masu nazarin harshe, abin lura shi ne wannan ba ya ɓata karin sautin Hausa, tun da hawa da saukar gaɓa ana auna su ne da gaɓar da ke kusa, ba da wani ma'auni tsayayye ba. A wannan zango ne kuma gashin baki da saje da gashin ƙirji ke fara fitowa, amma gemu ba ya cika sai bayan shekara 4 ko 5, kuma cikarsa tana bin gado: wanda mazan gidansu ba su da gemu kada ya sa ran samun mai yawa. Tsoka tana ƙaruwa tare da ƙarfi. Gashin goshi yana ja da baya, kuma mai gadon sanƙo zai iya yin sa.

3.3. In an bar magani, kuma gidan ƙwai yana nan, haila takan dawo, kitse ya koma mazauninsa, tsoka ta ragu, fata ta yi laushi. Kaurin murya da girman ɗan-tsaka da sanƙo ba sa komawa. Gashin fuska yana iya raguwa, amma ba ya ƙarewa.

4. Matantarwa

A nan magani biyu ake haɗawa, domin estiradiyol a yawan da aka saba bayarwa sau da yawa ba ya isa ya danne maraina. Ana ba da estiradiyol ta ƙwaya ko man shafawa ko filastar da ake mannawa a fata ko allura, sannan a ƙara maganin da ke hana testosteron aiki. A Amurka an fi amfani da sipironolakton, a ƙasashen Turai da dama an daɗe ana amfani da siproteron.

4.1. Wata 1 zuwa 3. Sha'awa tana raguwa, haka ma tashin gaba ba da niyya ba.

4.2. Wata 3 zuwa 6. Nono yana fara tsiro, da ɗan ƙulli mai zafi a ƙarƙashin kansa, kamar yadda yake faruwa ga ƴan mata. Girmansa yana ci gaba har shekara 2 ko 3. Binciken da aka buga a 2018 a kan mutane 229 a asibitocin Turai ya nuna cewa bayan shekara guda kusan rabinsu nonon bai kai ko mafi ƙanƙantar ma'aunin rigar nono ba. Ƙara yawan magani ba ya ƙara girman, haɗari kawai yake ƙarawa. A wannan zango kuma fata tana laushi, maiƙonta ya ragu. Kitse yana komawa cinya da ƙugu da kumatu. Maraina suna ƙanƙancewa. Tsoka tana raguwa a hankali, wajen kashi 5 bisa 100 a shekarar farko.

4.3. Wata 6 zuwa 12. Gashin jiki yana yin siriri, tsironsa ya yi jinkiri, abin da ke ci gaba fiye da shekara 3. Gemu ba ya ɓacewa, sai dai a cire shi da na'urar leza ko ta lantarki. Zubar gashin kai yakan tsaya, amma inda sanƙo ya riga ya kama ba ya cika.

4.4. Murya ba ta sauyawa. Tantanin da ya yi kauri da tsawo a balagar farko estiradiyol ba ya rage shi, zakaran wuya ma yana nan. Mai son sauya murya sai ya bi ta horo wajen masanin gyaran magana, ko ta tiyata.

4.5. In an bar magani, kuma maraina suna nan, fata da kitse da tsoka da gashi da sha'awa sukan koma halinsu na da. Nono ba ya komawa.

5. Abin da magani ba ya taɓawa

Idan aka gwada sashe na 3 da na 4 za a ga hanyoyin biyu ba su yi daidai ba. Testosteron yana ƙara gini: murya, gemu, tsoka. Estiradiyol gini guda yake ƙarawa, wato nono, sauran aikinsa ragewa ne da tausasawa. Ormon yana iya ɗora sabon abu a kan jiki, amma ba ya rushe abin da balagar farko ta kafa.

Ƙashi ne ya fi nuna haka. A ƙarshen balaga bakunan dogayen ƙasusuwa suna rufewa, daga nan tsawo ya tsaya. Don haka tsawon mutum, da faɗin kafaɗa, da faɗin ƙashin ƙugu, da girman hannu da ƙafa, da sifar muƙamuƙi da goshi, duk suna nan. Sauyin da ake gani a fuska na kitse ne da fata da gashi. Haka nan nonon da ya riga ya girma testosteron ba ya kawar da shi, ya dai ɗan saki. Magani ba ya ƙirƙiro mahaifa ko maraina, ba ya kuma kawar da su. Wannan yana da amfani a aikin asibiti: mai bakin mahaifa yana bukatar gwajin sankarar bakin mahaifa ko da yana da gemu, mai furostat kuma tana nan a jikinsa ko da yana da nono.

6. Haihuwa

Estiradiyol da maganin danne testosteron suna rage ƙwayoyin maniyyi, har su iya ƙarewa. Ga wasu suna dawowa bayan an bar magani na wasu watanni, ga wasu ba sa dawowa. Shi ya sa jagororin fannin suka ce a yi ma mutum bayanin adana maniyyi ko ƙwai kafin a fara.

Ta ɗaya gefen akwai kuskure mai haɗari. Ɗaukewar haila ba ta nufin ƙwai ya daina fita gaba ɗaya. Testosteron ba maganin tazarar haihuwa ba ne. An samu ciki a kan magani, an kuma samu waɗanda suka bar shi suka haihu lafiya. Testosteron yana cutar da ɗan tayi, musamman mace, don haka ana dakatar da shi da zarar an samu ciki ko ana neman sa.

7. Sauye-sauyen da ido ba ya gani

7.1. Jini. Testosteron yana zuga ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini. A mazantarwa yawansu yana hawa zuwa na maza, kuma idan kason jajayen ƙwayoyi ya haura 50 bisa 100 na jini likita yakan sake duba magani, domin jini ya fara kauri. A matantarwa yawansu yana sauka zuwa na mata cikin wajen wata 4. Ma'aikacin ɗakin gwaji da bai san mutum yana kan magani ba zai iya ɗaukar wannan a matsayin ƙarancin jini, ko ya kasa ganin ciwo inda yake.

7.2. Daskarewar jini a jijiya. Wannan ne babban haɗarin matantarwa. Binciken Amsterdam na 1997 ya sami ƙarin wajen ninki 20, a zamanin da ake amfani da etinil-estiradiyol, wani estirojen na haɗi mai ƙarfi a kan hanta. Saboda haka aka daina amfani da shi a wannan magani. Ƙwayar da aka haɗiye tana bi ta hanta tukuna, ta sa ta ƙara sinadaran daskarar da jini. Na fata ba ya bin wannan hanya, shi ya sa aka fi zaɓar sa ga wanda ya haura shekara 40 ko 45. Shan taba yana ƙara haɗarin.

A nan ne batun ya shafi ƙasarmu kai tsaye, ta hanya biyu. Etinil-estiradiyol shi ne ke cikin yawancin ƙwayoyin tazarar haihuwa na haɗi, kuma kowa ya san yadda magunguna ke yawo a tiren masu talla a kasuwanni da tashoshin mota, daga Yamai har Damagaram. Wanda ya ji labarin ormon ya nemi gwadawa da kansa, abin da hannunsa zai fara kai wa shi ne wanda likitocin fannin suka ajiye. Na biyu, cutar sikila ta yawaita a Nijar, kuma ita kanta tana sa jini saurin daskarewa. Haɗa ta da estirojen ba tare da likita ba ƙarin haɗari ne a kan haɗari.

7.3. Magungunan danne testosteron. Sipironolakton yana ƙara fitsari, yana kuma iya tara sinadarin potasiyom a jini har ya dagula bugun zuciya. Game da siproteron, wanda aka sani da sunan Androcur, binciken da hukumomin lafiya na Faransa suka bayyana a 2018 ya nuna cewa shan sa da yawa fiye da wata 6 yana ninka haɗarin wani ƙari na fatar ƙwaƙwalwa sau 7, bayan shekara 5 kuma wajen sau 20. A 2020 hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita amfani da shi.

7.4. Sankarar nono. Binciken ƙasar Holan na 2019 ya nuna haɗarinta a matantarwa ya fi na sauran maza nesa, amma bai kai na sauran mata ba.

7.5. Ƙarfin ƙashi. Ormon ɗin biyu duk suna kare ƙashi. Mafi munin hali shi ne jiki ya rasa duka biyun, kamar wanda aka cire ma maraina ko gidan ƙwai sannan maganinsa ya yanke. Ƙashinsa zai riƙa zaizayewa a ɓoye har ya zama mai saurin karyewa. Ma'aikacin lafiya da ya gamu da irin wannan mutum, misali wanda aka yi ma aiki a ƙasar waje ya dawo gida, ya kamata ya san cewa yanke masa magani ba ya mai da jikinsa halin da, ciwo yake jawo masa.

Domin waɗannan dalilai ne jagorar 2017 ta ce a riƙa duba mutum da auna jininsa kowane wata 3 a shekarar farko, daga nan sau 1 ko 2 a shekara.

8. Kammalawa

Mun ga cewa magani da ormon yana aiki ne a kan sassan jiki masu sabuntawa: fata, kitse, tsoka, gashi da jini. Yana farawa cikin watanni, ba ya kammala sai bayan shekara 2 zuwa 5. Kitse da tsoka da fata da yawan jini suna komawa in an bari. Murya mai kauri da gemu da sanƙo da girman ɗan-tsaka a mazantarwa, da nono a matantarwa, suna zama; haihuwa kuma tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa. Tsawo da sifar ƙashi da muryar da ta riga ta buɗe magani ba ya sauya su, gaɓoɓin haihuwa kuma ba ya ƙirƙiro su, ba ya kawar da su.

Kalmomin da muka gabatar, wato ormon, makarɓa, mazantarwa da matantarwa, shawara ce. Muna fatan abokan aiki na fannin harshe da na fannin lafiya za su gwada su a aji, a Maraɗi da Tawa da Damagaram, su ga waɗanda ɗalibai suka gane ba tare da an koma ga Faransanci ba, domin a gyara sauran a fitowa ta gaba.